Gargaɗi: Ɓeran Daji Ya Tare a Cikin Gari

Jama'a, a saurara, a kuma isar wa wanda bai ji ba.

An gama girbi, hatsi ya shigo gida, hunturu ya kama, an fara cinna wa daji wuta. Daga yanzu har zuwa wajen watan Afrilu lokacin zazzaɓin Lassa ne a Najeriya, kuma mai kawo shi ba daga nesa zai taso ba. Yana cikin silin, yana bayan buhun masara, yana ƙarƙashin tarkacen da aka jibge a lungun tsakar gida tun bara. Kiran nan na masu gida ne da uwayen gida, da masu shaguna da 'yan hatsi, da masu unguwanni da limamai. Ɓeran da muke wa kallon ɗan ɓarawon daddawa yana kai mutane kushewa duk shekara, kuma dabarun da muka gada na yaƙarsa sun fara daina cin sa.

Makon jiya na shiga cikin birni gaida wata gwaggona, na same ta tana tankaɗe. Garin dawa ne da aka niƙo, ya kwana biyu a daro da faifai a kai. Tana kaɗa rariya, wasu 'yan baƙaƙen abubuwa kamar tsabar shinkafa suna taruwa a sama, sai ta sa yatsu ta tsince, ta yarfar gefe, ta ci gaba da hirarta.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa kashin ɓera ne."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To ɗan nan, yau aka fara? Tun ba a haifi ubanka ba muke zaune da su. Wuta ai ba ta barin komai."

Da wannan hannun, ba wanki ba komai, ta ɓantaro ƙuli-ƙuli ta miƙa wa jikanta ɗan shekara uku da ke maƙale da ita.

Gwaggo tana da rabin gaskiya. Tuwon da ya dahu sosai ba ya ɗauke da cutar, wuta tana kashe ta. Amma yatsun da suka tsince kashin ba a dafa su ba, ƙuli-ƙulin ma ba za a sake mayar da shi wuta ba. Haka garin kwakin da ake jiƙawa da ruwan sanyi, da dabino, da aya, da gyaɗa, da ƙanzon da ya kwana a buɗe, da ruwan randar da murfinta ya karkace. Inda kuma ta kauce gaba ɗaya shi ne zaton cewa zaman da ake yi da ɓera yau irin na zamanin ƙuruciyarta ne. Garin ya canza, ɓeran ma ya bi shi ya canza.

Mu a wurinmu duk ɓera ɓera ne, ko kusu in ji mutanen Sakkwato da Nijar. Iyakarmu mu ware gafiya saboda girmanta, mu ware jaɓa saboda warinta da tsinin bakinta, alhali ita jaɓa ma ba dangin ɓera ba ce, ƙwari take ci. Masana sun fi mu tantancewa. Wanda ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne ɓera mai yawan nonuwa, wanda littattafan kimiyya ke kira Mastomys natalensis. Matsakaici ne, bai kai ƙaton ɓeran kwata ba, ya kuma fi ɗan mitsitsin nan na ɗaki. Macen takan kai nonuwa 24, jere biyu daga ƙirji har mara. Cikinta wajen kwana 23 ne, kuma ta zubo 'ya'ya 10 ko 12 a haihuwa ɗaya ba wani abu ba ne a wurinta. Cikin 'yan watanni su ma 'ya'yan sun fara nasu. Asalinsa ɗan daji ne da gona, abincinsa tsaba da ƙwari. Ƙwayar cutar Lassa tana zama a jikinsa ba ta kwantar da shi. Yana yawonsa garau, yana zubar da ita cikin fitsari da kashi duk inda ya taka.

Ya aka yi ɗan gona ya zama ɗan birni? Kafin ya zo mana, mu muka je masa. Duk wanda ya san bayan garin Kano ko Kaduna ko Bauchi shekara 30 da suka wuce, ya san unguwanni da yawa da ake hawa Adaidaita Sahu a je yau, gonakin dawa da gero ne a da. An yanka filaye an sayar. Wani ya gina ya tare, maƙwabcinsa ya kai linta kuɗi suka ƙare ya bar kango, na gaba da shi ya shuka masara a fulotinsa kafin Allah ya hore masa. Ɓeran da kakanninsa suka rayu a wannan ƙasar bai je ko'ina ba. Wayar gari ya yi ya ga an kawo masa abin da daji bai taɓa ba shi ba: abinci ba yankewa, ruwa daga famfon da ke yoyo da kwatar da ba ta bushewa, ɗumi a tsakiyar hunturu. Ga shi mujiya da maciji da kyanwar daji da ke rage masa yawa, mun kashe wasu mun kori sauran. A daji, rani yana zuwa yunwa ta kwashe ɓerayen. A gari ɓera bai san rani ba.

Wasu kuma mota ce ke kawo su. Buhunan da suka yi makonni a rumbu ko a sito a ƙauye, aka loda su a babbar mota, suka sauka a kasuwar hatsi irin ta Dawanau, daga nan suka watsu shaguna da gidaje, ba koyaushe hatsi kaɗai ke cikin lodin ba. Sai wutar daji ta wannan lokaci. An kwashe amfanin gona, an ƙone ciyawar da yake ɓuya a ciki, ina kuke so ya nufa in ba inda aka kai hatsin ba?

Wannan ba hasashe ba ne. A Yamai, babban birnin Nijar, masana 'yan ƙasar da abokan aikinsu na Faransa sun bi unguwa-unguwa suna ɗana tarko, suka wallafa abin da suka gani a 2014. A cikin gidajen mutane, ɓera mai yawan nonuwa ne ke mulki. Baƙin ɓera kuwa, wanda asalinsa ɗan Asiya ne da jiragen ruwa suka yaɗa a duniya, ya kama wuraren da kaya ke sauka, irin su kasuwanni da mayanka da tashoshin mota. A lambunan birnin kuma wani ɓeran ciyawa ne da gafiya. Sun raba garin kamar yadda 'yan kasuwa ke raba layi, kowa da inda ya fi ƙwarewa. Ba kowane ɓera ne ke ɗauke da Lassa ba, ba kuma a kowane gari ba. Amma babu mai duban ɓera a guje ya ce wannan yana da ita wancan ba shi da ita, kuma a Najeriya an sami ƙwayar a jikin wasu nau'o'in ban da mai yawan nonuwan. A bar wa masana tantancewa. Mu namu shi ne kada ko wanne ya kusanci abincinmu.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ɓeran gari shi ne karatunmu da yake yi.

Bara na sayo tarkon ƙarfe guda uku, na maƙala musu kan busasshen kifi. Daren farko biyu suka faɗa. Na tashi da safe ina ta cika baki kamar wanda ya ci yaƙi. Daga ranar har na gaji na watsar da tarkunan, ko ɗaya ban sake kamawa ba. Kifin yana nan inda na sa shi, ƙura ta lulluɓe shi, alhali da an kashe fitila sai ka ji su a silin kamar ana sukuwar hawan Sallah, da safe kuma a tarar da sawun haƙori a sabulun wanka. Sai daga baya na gane abin da ya faru. Manyan ɓerayen gari suna da tsoron sabon abu. A ajiye wani abu a hanyar da suka saba bi, sai su yi kwanaki suna kewaye shi. Sabon abinci kuma ɗanɗana shi suke yi kaɗan, su jira su ji yadda ciki zai karɓe shi, domin ɓera ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. In ya ji ciwo bai mutu ba, shi da wannan abincin har abada. Har sansanar bakin 'yan'uwansa yake yi, ya gane abin da suka ci suka kwana lafiya, ya bi sahunsu. Wanda ya faɗa tarko daren farko shi ne mai garaje. Masu taka-tsantsan su suka rage, su ne kuma za su haifi na gaba. Da hannunmu muke tankaɗe su, wawayen su zube, masu wayon su tsaya a rariya.

Turawa sun riga mu shan wannan darasi. Wajen 1950 suka fara amfani da wani magani mai suna wafarin, wanda ke hana jini daskarewa, ɓera ya ci ya yi ta zubar jini ta ciki har ya mutu bayan 'yan kwanaki. Aka ce an gama da ɓera. A 1958, a wata gona a Sikotland, aka sami ɓerayen da ke cin sa su kwana lafiya. Yanzu an san ainihin canjin da ya auku a ƙwayar halittarsu, kuma irin waɗannan ɓeraye sun bazu a Ingila da Jamus da Faransa. A birnin Niyok na Amurka, masu bincike sun duba wasu ƙananan ɓerayen daji masu fararen ƙafafu, waɗanda gine-gine suka yi wa ƙawanya a cikin lambunan shaƙatawa na birnin, suka tarar halittarsu ta fara bambanta da ta 'yan'uwansu na karkara, har da ɓangaren da ke sarrafa abinci mai maiƙo. A farkon 2025 aka wallafa wani nazari kan manyan birane 16, aka ga ɓeraye suna ƙaruwa a 11 daga cikinsu, musamman inda zafi ke ƙaruwa da inda mutane suka yi cunkoso. Niyok, duk da arzikinta, sai da ta naɗa jami'a ta musamman a 2023 don yaƙi da ɓera. Kuma babban abin da suka koma yi bayan shekara da shekaru ana zuba guba shi ne tilasta wa mutane zuba shara a mazubi mai murfi, a daina jibge ledoji a bakin titi. Su da ke da kuɗin sayen kowane irin magani, ƙarshenta murfi suka koma wa.

Jikinsa ma kamar don gari aka yi shi. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, dole ya yi ta gaigaya: katako, roba, buhu, har bulon da aka yi wa rowar siminti. Ɗan ƙaramin ɓera yana kurɗawa ta kafar da biro zai shiga, babba kuma ta wadda babban yatsa zai shiga. Baƙin ɓera yana hawa bango, yana bin waya daga gida zuwa gida. Na kwata gwanin iyo ne, yana iya biyo bututun masai ya ɓullo a banɗaki. Wayar lantarkin da ya fere a cikin silin kuwa, 'yan kasuwa sun fi kowa sanin abin da take haifarwa da tsakar dare in an kawo wuta.

Sunan cutar daga garin Lassa ya samo asali, a jihar Borno ta yau, inda wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan ta kamu a farkon 1969. Aka kai ta Jos ta rasu. Wadda ta yi jinyarta ta bi ta. Ta ukun sai da aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta sha da ƙyar. Shekara guda bayan haka, likitar da ke binciken cutar a Jos ta yanke a hannu tana duba gawa, ita ma ta rasu. Sai a 1972, a Saliyo, aka kama ɓeran da ke ɗauke da ƙwayar. Tun daga farko cutar ta nuna hanyoyinta biyu: daga ɓera zuwa mutum, sannan daga majiyyaci zuwa mai jinya ta jini da fitsari da amai da gudawa.

Alƙaluman hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa sun nuna cewa a 2020 da 2023 da 2024, kowace shekara an tabbatar da mutum sama da 1,000 sun kamu, sama da 200 sun rasu. Waɗanda suka kai asibiti aka gwada jininsu ke nan. Kada ɗan arewa ya ce ai ciwon kudu ne don ya ji ana yawan ambaton Ondo da Edo. Bauchi da Taraba suna sahun gaba a jerin. Mutanen Kano kuwa ba su manta Janairun 2020 ba, lokacin da likitoci biyu suka rasu bayan sun kula da wata mai juna biyu da aka yi wa tiyata ba a san tana ɗauke da cutar ba.

Mugun halin wannan zazzaɓi shi ne shigar burtu. Yana iya ɓoyewa a jiki har kwana 21. Wajen mutum 8 cikin 10 da suka kamu, ko dai ba za su ji komai ba, ko su ɗan ji jiki ya wuce, shi ya sa ake raina shi. Ga sauran kuwa, yana farawa kamar kowane zazzaɓi: kasala, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ciwon maƙogwaro, sannan amai da gudawa da ciwon ƙirji. Mun san abin da ke biyo baya, don kowannenmu ya yi shi. A je kyamis a yi allurar maleriya kwana uku. Bai sauka ba, a ce taifod ce, a sake kwashe kwana biyar. Ido ya ɗan canza, a ce shawara ce, a jiƙo saƙe-saƙi. Sai fuska ta kumbura, ko jini ya ɓalle ta hanci ko ta dasashi, ko fitsari ya ɗauke, sannan a nemi mota. Kada a jira ganin jini. Ba kowa ne ke yin sa ba, kuma in ya zo an riga an yi nisa. Wanda ajali ya zo masa ta wannan hanyar, yawanci cikin kwana 14 da fara ciwon ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen 15 cikin 100 na waɗanda ciwon ya tsananta har aka kwantar ba sa tashi. Cikin waɗanda suka warke, kusan 1 cikin 4 yana samun kurumta, wasu ji ya ɗan dawo bayan wata ɗaya zuwa uku, wasu shi ke nan. Mai ciki a watanni ukun ƙarshe ita ce ta fi kowa shiga haɗari: fiye da 8 cikin 10, ana rasa ɗan, ko uwar, ko duka biyun.

Akwai maganin da ake bayarwa a asibiti mai suna ribabirin, tare da ƙarin ruwa da kula da ƙoda, amma amfaninsa a kwanakin farko yake. Allurar rigakafi har yanzu tana matakin gwaji. Saboda haka ga ƙa'idar da ya kamata kowane gida ya riƙe daga yau: zazzaɓin da aka yi wa maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, asibiti za a tafi. A kuma faɗa wa likita da baki cewa akwai ɓeraye a gidan, ko an yi jinyar wani mai irin wannan ciwo, ko an dawo daga garin da ake fama da shi. Ba abin kunya ba ne. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Ba Lassa kaɗai ɓera ke rabawa ba. A lambunan Yamai ɗin nan, an sami wata ƙwayar cuta a jikin ɓerayen ciyawa wadda ke fita ta fitsarinsu ta zauna a ruwa da laka, ta shiga mutum ta rauni ko faso, ta kama ƙoda da hanta. Masu lambu da masu yasar kwata da yaran da ke wasa a ruwan ambaliya su ne a bakin hanyarta. Legas kuma ta ɗanɗana annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa tun daga 1924, ta yi shekaru tana kisa, kuma irinta ce ta shiga biranen Madagaska a 2017 ta kama mutum sama da 2,000.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne daddawar. Ɓera ba ya zama inda ba ya cin abinci, kuma duk gubar duniya ba za ta kore shi daga gidan da ake ciyar da shi ba. A wasu ƙauyukan ƙasar Gini an gwada: aka zuba guba gida-gida na makonni, ɓeraye suka ragu ƙwarai, cikin 'yan watanni suka dawo kamar ba a yi ba. Abincin yana nan, wurin kwanan yana nan, na waje suka shigo, waɗanda suka rage suka hayayyafa.

To a fara da murfi. Gari da shinkafa da wake da garin kwaki su koma ganga ko bokiti mai murfin da ke kamawa. Faifai a kan daro ado ne kawai. Wanda ba shi da halin sayen sabuwar ganga, bokitin fenti da aka wanke tas ya wadatar. Buhun da dole ya zauna a buhu a ɗora shi kan katako, a janye shi daga jikin bango yadda za a iya zagayawa a ga abin da ke bayansa. Kwanuka a wanke su kafin a kwanta, ba sai gari ya waye ba. Na san wannan zai yi wa gidaje da yawa nauyi, musamman inda ruwa sai an saya, amma tukunyar tuwon da aka jiƙa ta kwana a tsakar gida walima ce. Dusar awaki da tsabar kaji su ma a rufe, don sau da yawa su ne ke riƙe ɓera a gidan da uwar gida ke ta mamakin ina yake samun ci. Masu shanyar barkono da tumatir da rogo da masara a gefen kwalta, ku ji tsoron Allah. Abin da ya kwana a ƙasa ɓera ya bi ta kansa, kuma wani ne zai saya ya ci bai sani ba. A ɗaga shanya sama, a kwashe kafin magariba.

In an rufe abinci yunwa ta fara cizonsa, sannan tarko zai yi aiki. A ajiye tarkuna da yawa a jikin bango, inda ake ganin kashinsa da baƙin sawun maiƙon jikinsa, a sa abinci amma kada a ɗana har kwana uku ko huɗu, sai sun saki jiki sun fara ci, sannan a ɗana duka a dare ɗaya. Da na san haka bara da ban yi asarar kifina ba. Daga nan a toshe ramuka da siminti da aka cakuɗa da fasasshiyar kwalba, a sa ragar ƙarfe a bakin kwata da bututu, a buga langa-langa a ƙasan ƙofar da ta ɗage. Tsumma da leda da ake cusawa a rami, shimfiɗa ce aka kai masa.

Shinkafar ɓera kuwa a yi hattara da ita. Ana barbaɗa ta a murfin gwangwani a ajiye a ƙasa, daidai inda mai rarrafe ke kaiwa, kaza ta tsattsaga, kyanwar gidan ta ci ɓeran da ya ci ta bi shi. Ƙwayar nan mai hayaƙi da ake sa wa buhun hatsi don ƙwari, kada a kuskura a jefa ta a ramin ɓera cikin ɗaki, ko a ajiye buhun da aka sa wa ita inda mutane ke kwana. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum cikin barcinsa. Kyanwa tana da amfaninta, amma kada a dogara da ita. Ƙaton ɓeran kwata ba ya jin tsoronta, kuma ita ce mai kawo rabin gawa ta ajiye a kan shimfiɗa.

Kada a share kashin ɓera a bushe. Tsintsiya tana tayar da ƙura, ƙurar ta shiga hanci, ga hunturu ya riga ya farfasa hancin. A haɗa bilic irin su Jik ko Hypo, kashi 1 da ruwa kashi 9, a yayyafa, a bari ya yi minti biyar, a goge da tsumma hannu na cikin leda, a wanke hannu da sabulu. Mataccen ɓera kuma ba a ɗaukarsa ta wutsiya a wurga kan titi, balle a aiki yaro ya yar. A sa shebur ko leda biyu, a binne da zurfi ko a ƙone. Iyaye su kuma sa ido kan samarin da ke fita farauta bayan an ƙone daji, da yaran da ke haƙar ramin gafiya a kangon unguwa. Haɗarin yana wajen kamawa da feɗewa, tun kafin nama ya ga wuta.

Wanda ke jinyar mai zazzaɓin da ake tuhuma, kada ya taɓa amai ko jini ko fitsarinsa da hannu tsirara, kada a haɗa kofi, kuma a rage 'yan dubiya. In rai ya yi halinsa, a bar jami'an lafiya su jagoranci suturar tare da liman. Wannan magana ce mai nauyi a wurinmu, na sani, amma gawar mai Lassa tana harbin mai wanka. Ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kyamis, ku ne kuke fara ganin waɗannan mutane. Safar hannu ga kowane majiyyaci, kuma wanda ya dawo karo na biyu da zazzaɓin da bai ji magani ba a tura shi gaba, kada a canza masa allura.

Duk wannan in gida ɗaya ya yi shi kaɗai, ya kora wa maƙwabcinsa ne, bayan wata guda a koro masa. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, da mace kan ji an ce ga shi nan tafe ta ruga ta leƙa randarta. An yi ta ƙorafin tsananinsu, amma a lokacin juji bai isa ya toshe lungu ba. Kafin hukuma ta farfaɗo da wannan aiki yadda ya kamata, mai unguwa da liman da matasan layi za su iya tsayar da mako guda: a kwashe bola, a yashe kwata, a sassabe ciyawar kangaye, a nemo masu fulotan da suka bari su zo su share ko a share a kai musu lissafi, kowane gida kuma ya ɗana tarkonsa a dare ɗaya da na maƙwabta. Shugabannin kasuwanni su yi haka layi-layi. Limamai su faɗa a huɗubar wannan Juma'ar, ba sai an fara kai gawa ba.

Shekaranjiya na koma wurin Gwaggo da ganga biyu masu murfi. Ta jujjuya su, ta ce an yi asarar kuɗi, sannan ta kira yarinya ta juye garin a ɗaya, ɗayar kuma ta ce ta zannuwanta ce, don ɓeraye sun cinye mata leshi biyu. Ban yi musu ba. Da zan fita na tsuguna na duba ƙasan ƙofar ɗakin girkin, yatsuna uku suka shige, kuma a bayan katangar akwai kangon da ciyawarsa ta kai ƙugu. Ranar Asabar zan koma da magini da rabin buhun siminti, daga nan in wuce gidan mai unguwa.